Baƙin da ke Diddigen Baba

A gidanmu ba a tambayar dalilin baƙi a jikin mutum. Mahaifina marini ne a karofin Ƙofar Mata, kamar yadda mahaifinsa ya yi, kuma tun da na buɗe ido hannuwansa shuɗɗa na san su, har gwiwar hannu. Faratansa baƙaƙe ne wuluk. Ko ranar Juma'a da yake dirje su da sabulu da toka, iyaka su ɗan yi haske. Ƙafafunsa ma haka suke, domin mai tsayuwa a bakin rijiyar rini yana tsoma zane yana ɗagawa, ruwan da ke ɗiga a ƙafarsa yake sauka. In baƙo ya zauna cin tuwo da shi a kwano ɗaya, ya ga yana satar kallon hannun, sai Baba ya ce masa, "Ci abinka, malam, ba ya zuba."

Saboda haka da wani tabo baƙi ya fito a diddigensa na hagu, babu wanda hankalinsa ya tashi. Inna, mahaifiyata, ita ta fara ganinsa yana alwala a tsakar gida. Ta ce shuni ne ya shige cikin faso, ta miƙo masa dutsen goge kaushi da man kaɗanya. Abokan aikinsa a karofi ma haka suka ce. Kowannensu yana da wani wuri a jikinsa da rini ya kama ya ƙi saki.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, an tura ni koyon aiki a wani babban asibiti, sashen da ake binciken tsokar da aka yanko daga jikin mara lafiya. Ni ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kama sunana, ba ma doguwar hira. In zai yi magana da ni sai ya fuskanci Inna ya ce, "Gaya wa ɗan bokon nan kaza," alhali ina zaune a gefensa. Ni kuma dama ba mai magana ba ne. A makaranta ma kujerar baya nake zama.

Sau ɗaya ya taɓa tambayata aikin da nake koyo. Na gaya masa, kaina a sunkuye, cewa ana kawo ɗan nama a kwalba cikin ruwan magani don kada ya ruɓe. A tsane shi, a binne shi cikin kakin kyandir, a sa wuƙar inji ta shafto shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a kan ɗan gilashi. Sannan a tsoma gilashin a ruwan launi, shunayya da ruwan hoda, don likita ya ga abin da ke ciki a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu.

Baba ya dubi Inna ya ce, "Ashe rini ya je koyo. Da ya faɗa min ai da na hutar da shi wahalar boko."

A ɗakin namu akwai wata na'ura da aka kawo ba da daɗewa ba, muna ce mata sikana. Girmanta kamar ƙaramin firji. Ana jera gilasan a cikin wani ɗan kwando a tura mata, ta ɗauki kowanne ɗaya bayan ɗaya, ta yi ta ɗaukar hotuna ƙanana tana haɗa su har su zama hoto guda. Hoton nan a allon kwamfuta za ka iya kallonsa gaba ɗaya kamar taswira, ka kuma yi ta matsowa har ka ga ƙwayar halitta ɗaya tilo. Amfaninta babba shi ne ana iya tura hoton ga masani a wani gari ko wata ƙasa. Kafin zuwanta, in ji shugaban ɗakin da muke kira Oga, gilashin ake naɗewa a auduga a ba direban tasha, wani ya isa, wani ya isa a farfashe.

Ni aka ɗora wa ɗura mata gilasai, saboda na'urar ba ta yafe ƙazanta. Zanen yatsa, ɗigon gam, ko kumfar iska a ƙarƙashin murfin gilashi, duk sai su sa hoton ya fito dishi-dishi. Sauran ɗalibai suna gajiya da goge-gogen. Ni ba na gajiya. Ina son aikin da ba sai na yi wa kowa magana ba.

Tabon Baba bai tsaya inda yake ba. Ya faɗaɗa, gefensa ya yi kaca-kaca, tsakiyarsa ta ɗago kamar ƙwallon goruba da aka gwaguya. Sai Inna ta fara ganin jini a silifas ɗinsa, daga baya a kan dardumar salla. Aka kira wanzami ya yi sakiya, babu abin da ya fito sai jini. Aka sa garin magani. Bayan wani lokaci wurin ya fara wari.

Wanda ya iya kai shi asibiti abokinsa ne, wani tsohon Bazazzagi mabugi, mai bugun rinannen zane don ya yi ƙyalli, da suka yi shekara da shekaru ɗaya na rini ɗaya na bugu. Ya zo ya same shi a soro ya ce, "Kai Bakano, wai allura kake tsoro? Mutumin da ya tsufa cikin warin karofi har shi ma ya fara toshe hanci a kusa da kai, ai abin ya kai."

"Toshe abinka," in ji Baba. "Ai ku Zage-zagi ba ku san ƙamshi ba balle wari."

"Tashi dai mu tafi, bawana. Ko in goya ka?"

Suka tafi a adaidaita sahu zuwa asibitin da nake koyon aiki. Likitan fiɗa ya duba, ya yanki ɗan guntu daga gefen ciwon, ya jefa a kwalba. Ni na ɗauko kwalbar da hannuna zuwa ɗakinmu. Da Oga ya ji na mahaifina ne, sai ya karɓe ta ya ce, "Kai ba za ka taɓa wannan ba. Je ka yi wani aikin." Shi ya yi komai da kansa. Ina daga can gefe ina wanke kwalabe ina jin ƙarar injin yanka.

Likitar sashenmu mace ce mai yawan shiru, muna ce mata Dakta. Ranar da gilashin ya kai teburinta ta daɗe a kan madubi ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta sa aka kira ni. Ta ce tana da abin da take zato, kuma ba abu ne mai daɗi ba. Amma amsar da za ta rubuta tana iya sa a yanke wa mutum ƙafa, don haka tana son wani ido ya gani, wani masanin cututtukan fata a ƙasar waje da suke aiki tare. Ta ce, "A sa shi a sikana. In ba za ka iya ba, a ba wani."

Na ce zan iya.

Na goge gilashin nan gaba da baya har sai da na ɗaga shi a haske ban ga ko ƙura ba. Da ido kawai naman bai fi ƙwayar wake da aka latse ba, rabinsa ruwan hoda, rabinsa duhu. Na tura shi ciki. Na'urar ta yi 'yar ƙararta, hoton ya fara fitowa a allo gunduwa-gunduwa. Gefen ruwan hodan ya fito tas. Gefen duhun ya fito kamar an shafa masa yawu, domin baƙin ya yi kauri har na'urar ta kasa gane zurfin da za ta tsayar da idonta. Na sake, na nuna mata da hannu wuraren da za ta auna. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin ajiya ya yi ta kuka har ya mutu, aka jira janareto. Da hoton ya kammala sai turawa ta zama wani aikin. Hoto ɗaya na irin wannan ya fi fim nauyi, sabis ɗin asibitin kuwa yana tafiya yana tsayawa. Ya kai kusan ƙarshe ya yanke, a koma farko.

Da amsa ta zo daga can, ba amsa ba ce tukuna. Masanin ya ce baƙin ya rufe ƙwayoyin, ba ya ganin cikinsu, a shafto wani daga cikin kakin a wanke baƙin da sinadari a sake turowa. Sinadarin ya ƙare a ɗakinmu, sai da aka nemo. A duk tsawon wannan jiran Baba ya koma karofi. Yakan naɗe diddigen da tsumma, ya zura ƙafar a leda ya ɗaure a idon sawu, ya ɗingisa ya fita.

Amsa ta biyu gajera ce, kuma ta zo daidai da zaton Dakta. Ciwon daji ne na fata, irin wanda ƙwayoyinsa ke haifar da baƙin launi da kansu, kuma ya yi zurfi. Likitan fiɗa ya ce yadda ya ci diddigen, sai dai a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma a yi da wuri kafin ya bazu.

Baba ya ƙi.

Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. A tsakar gida ya zauna ya fuskanci Inna ya ce, "Tambayi ɗan bokon nan. Shi wannan Baturen da aka aika wa hoto, ya taɓa ganin ƙafar marini?"

Na ce ban sani ba.

"Ya taɓa tsayawa a bakin rijiya? Ya san shuni yana bin faso ya shige nama? Mutum yana can ƙasarsu, an nuna masa baƙi a hoto, ya tsorata. Gyambo ne rini ya shiga. Kakana ya yi irinsa, da ƙafafunsa biyu aka binne shi."

Ina da amsa a littafi, amma ban taɓa yi wa Baba musu ba, ban san ta inda ake farawa ba. Inna ta yi kuka. Ƙannensa suka zo, wasu suka goyi bayansa. Bazazzagin ya zo ya yi tsiya ya yi lallashi, har ya ce in an yanke shi zai sassaƙa masa ta icen bugu mai ƙyalli. Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Marini mai ƙafa ɗaya cikin rijiya zai faɗa."

Makonni suka shige. Kullum da safe ina goge gilasan mutanen da ban sani ba ina tura wa na'ura, da yamma in dawo in tarar da ledar ƙafarsa a bakin rariya. Ya fara ramewa. Ɗingishin ya ƙaru, yana tafiya yana buɗe ƙafa, muka ɗauka zafin diddigen ne.

Wata rana bayan an tashi daga duba gilasai na tsaya a ƙofar ofishin Dakta har sai da ta ce, "Lafiya?" Na ce ina roƙon ta bari in kawo mahaifina ya ga hoton da idonsa. Ta ce ba a saba shigo da marasa lafiya nan ba. Sannan ta ce, "Namansa ne. Kawo shi da hantsi, kafin aiki ya yi yawa."

Inna ce ta isar masa da saƙon. Ya ce zai je, ko don ya nuna musu shuni.

Ya zo da babbar riga mai baƙin bugu da hula, Bazazzagin na riƙe da hannunsa. A bakin ƙofa ya tsaya zai cire takalmi, Oga ya ce ya bar shi. Warin maganin ɗakin ya sa shi tari. Dakta ta miƙe ta gaishe shi, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera." Ta juyo da babban allon ya fuskance shi, ta ce da ni, "Kai za ka nuna masa."

Na buɗe hoton farko, wanda ba a wanke ba. Na bar shi daga nesa tukuna.

"Wannan ne naman nawa?"

"Shi ne, Baba."

"Ina sama, ina ƙasa?"

Na nuna masa. Na ce wannan layin mai kauri shi ne kaushin da ke taka ƙasa, nan kuma cikin nama ne. Ban taɓa jera masa magana mai tsawon haka ba.

"Matso da shi," ya ce. Ni ya gaya wa kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

Na matso. Duhun ya buɗe ya zama gungu-gungu na ƙwayoyi, kowace cike da ɗigo-ɗigo kamar garin barkono. Daga nesa baƙi ne. Daga kusa ruwan ƙasa ne, wani wurin har da ja-ja kamar goron da ya kwana. Baba ya sunkuyo har hularsa ta kusa taɓa allon.

"Ku kuka zuba masa wannan launin?"

Dakta ta ce, "A'a, Baba. Namu shunayya ne da ruwan hoda. Wannan da shi ya zo."

"Ƙara matsowa. Yi ƙasa. Ƙara yin ƙasa."

Na yi ta gangarawa cikin naman, launin yana biye da mu har inda wuƙa ta tsaya. Ya ce in koma saman kaushin. Na koma. Can ya fi ko'ina haske.

Bazazzagin ya ce, "To, sarkin gardama, me ka gani?"

Baba bai kula shi ba. Ya jingina da kujera ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shuni ko ya shekara ba ya komawa ruwan ƙasa. In ya kwanta, shuɗi yake kwanciya. Kuma daga baki yake kama zane, ya yi ciki yana raguwa. Wannan ciki ya fi yawa. Daga ciki ya fito."

Ya ɗauke idonsa daga allon.

Ya dubi Dakta ya ce, "Hajiya, a gaya wa mai wuƙar na yarda."

Aka ba mu ranar ganin likitan fiɗa a makon da ya biyo. Inna ta wanke masa kayan kwanciya asibiti, ta haɗa fulas da bokiti da tabarmar mai jinya. Ni na raka shi. Likitan ya kwance tsumman ya duba diddigen, sannan ya ce Baba ya kwanta ya sassauta wando. Baba ya dube ni, na fita na tsaya a baranda.

Da aka kira ni ciki likitan yana wanke hannu. Ya ce akwai kaluluwa a matsematsin cinyar hagu, manya, masu tauri, sun manne da juna. Ya tambayi Baba tun yaushe. Baba ya ce an ɗan jima, ai kowane gyambo yana saukar da kaluluwa, kuma ba wuri ne da mutum zai nuna wa iyalinsa ba. Aka tura mu hoton ƙirji da na ciki. Muka yini a layi. Da muka dawo da su likitan ya ɗaga na ƙirjin a haske, ya karanta takardar na cikin, ya ajiye. Ya yi min magana da Turanci, a hankali, ya ce ciwon ya kai huhu, ya kai hanta. Yanke ƙafar yanzu wahala ce kawai za a ƙara masa. Za a ba shi maganin rage zafi, a riƙa wanke ciwon.

Baba yana kallon bakinmu. Ya ce, "Me ya ce?"

Likitan ya juya harshe zuwa Hausa ya ce, "Baba, ciwon ya wuce ƙafa, ya shiga jiki. Aikin ba zai yi amfani ba yanzu. Sai dai mu yi ta ba ka magani, muna addu'a."

"Wato ƙafar an bar min ita?"

"An bar maka, Baba."

"To, alhamdu lillahi."

Ya sunkuya ya naɗe tsummansa da kansa, ya zura silifas. Har yau ban san iyakar abin da ya fahimta a wannan lokacin ba. A cikin adaidaita sahu ya riƙe ƙarfen gefe yana kallon titi, in an faɗa rami ya runtse ido.

La'asar ta yi sanyi muka shiga lungunmu. Inna ta ji sallamarsa ta fito da sauri, ta gan shi tsaye a kan ƙafafunsa, ga ni a baya ɗauke da bokiti da tabarma yadda muka fita da su. Ta ce, "Ba a kwantar da ku ba?"

Baba ya ce, "Sun fasa."

Ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciya an fasa yankan, maƙwabciyar ta rangaɗa guɗa. Baba ya wuce ɗakinsa ya saki labule. Inna ta shiga madafi tana cewa yau sai ta yi masa miyar kuka da man shanu, ta ce in miƙo mata ashana a kan taga.

Na ɗauko ashanar na bi ta. Tana tsugune tana gyara itace a murhu, tana ta magana, wai dama ita jikinta ya ba ta. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Inna, ki ɗan dakata da wutar."

Ta juyo ta dubi fuskata. Na gaya mata da ƙaramar murya, don kada ya ji daga ɗaki. Ta daɗe riƙe da itacen a hannunta. Sannan ta karɓi ashanar ta kunna wutar, ta ce ko ma mene ne ai sai ya ci abinci.

Bai ƙara komawa karofi ba. Ya rasu kafin azumin shekarar, da rana, a ɗakinsa.